Hukuncin Gina Asibitin Kuɗi a Tsakiyar Unguwa da Rancen Banki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu likitoci uku ne da wani Alhaji ɗan kasuwa. Mun sayi fili a Tarauni cikin Kano, tsawo ƙafa 100, faɗi ƙafa 100, gidajen mutane sun kewaye shi ta gefe uku. Muna son gina asibitin kuɗi mai hawa uku da gado 40, da ɗakin tiyata da na haihuwa. Kuɗinmu bai kai ba, wani banki ya ce zai ba mu rance da ruwa. Alhaji kuma yana so a yanka masa abin da zai riƙa karɓa duk wata. Maƙwabta sun fara ƙorafi. Shin ceton rai bai zama lalurar da ta halatta mana rancen ba? Kuma maƙwabta suna da ikon hana mu gini a filinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Likita, Allah ya sa albarka a niyyarku. Samun kuɗi da aikin magani halal ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an yi wa Annabi (SAW) ƙaho, ya biya mai ƙahon ladansa. Garin da ke cika kullum kamar Kano yana buƙatar gadajen jinya, kuma wanda ya samar da su da kyakkyawar niyya yana da lada ko da yana karɓar kuɗi.

Amma rancen nan bai halatta ba. Allah ya ce ya halatta ciniki ya haramta riba, a aya ta 275 cikin Baƙara. Lalurar da ke sauƙaƙa haram ita ce wadda mutum zai halaka in bai aikata ba, kuma ba shi da wata mafita. Ku kuwa babu wanda zai mutu don kun fara da hawa ɗaya da gado 12. Ku sa injiniya ya lissafa tushen gini da ginshiƙai don ɗaukar hawa uku tun yanzu, ku gina na ƙasa, ku buɗe, sauran su biyo baya. Ga kuma bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus. Don gini akwai istisna'i: banki ya ɗauki nauyin gina muku abin da aka siffanta dalla-dalla a kan farashi sananne, ku biya kashi-kashi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Jidda a 1992. Don na'urori akwai murabaha, wato banki ya saya ya sayar muku da ƙari sananne a kan farashin da ya saya, da sharaɗin banki ya mallaki na'urar kafin ya sayar muku. In an zuba muku kuɗi ne kawai a asusu aka kira shi murabaha, suna aka sauya, riba tana nan. Ku karanta abin da takarda ta ce game da jinkirin biya: bashi ba ya ƙaruwa don an makara.

Buƙatar Alhaji ma ba ta inganta ba. Mai jari ba a lamunce masa uwar kuɗi kuma a yanka masa adadi tabbatacce, wannan rance ne mai jawo amfani. Ku yi rajistar kamfani, kowa ya riƙe hannun jari daidai kuɗinsa, riba da asara su bi wannan lissafin, ku likitoci a yanka muku albashin aikinku daban.

Inda na fi jin tsoro a kanku shi ne maƙwabta. Ba su da ikon hana ku gini, suna da ikon hana ku cutar da su. Hadisin "la darara wa la dirara", wato babu cuta babu cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa, kuma malamanmu na Malikiyya ba su bar shi a dunƙule ba. Risala ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarka ne. Muhtasar na Halil ya ƙara hayaƙi da wari. Sai ka ce asibitin zamani suke dubawa.

Fara da ramin. Ƙa'idar da masana tsaftar ruwa suka saba bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya ko burtsatse. Filinku gaba ɗaya mita 30 ne a kowane gefe. In akwai rijiya a bayan katangar ɗaya daga cikin gidajen nan, da wuya ku sami kusurwar da za ku haƙa sokawe mai tsotsewa cikin ƙasa ba tare da ruwan wankin tiyata da na ɗakin gwaji ya doshi abin shan mutane ba. Ku zagaya gida-gida ku ƙirga rijiyoyin kafin mai zane ya ɗora alƙalami. Mafita ita ce rufaffen tankin kankare da mota ke kwashewa, ko ƙaramar na'urar tace ruwa, ko ku sayi filin da ke manne da naku. Sakin ruwan a kwata haramun ne.

Tagogin bene da ke kallon tsakar gidan mutane a ɗaga su sama da tsayin mutum, ko a sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. Masu jinya suna kwana a tsaye, kuma matan gidan ba za su riƙa yin girki da wanki ana leƙensu ba. Tsawon ginin kansa ba a hana shi don ya tare rana ko iska, haka mazhaba ta tafi. Janareta a yi masa ɗaki mai danne ƙara nesa da ɗakin kwanan maƙwabci, bututun hayaƙinsa ya haura rufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 15 cikin 100 na sharar asibiti mai haɗari ce, kuma ƙona ta yadda ya kamata sai da zafin digiri 850 zuwa sama. Durom da kalanzir a bayan katanga ba ya kai wa nan, guba kawai yake watsa wa unguwa. Ku ƙulla yarjejeniya da mai tanderun da aka amince da shi, allurai su shiga akwatinsu na musamman, kada yaran da ke tsince-tsince a bola su taka su. Mabiyiya da gaɓar da aka yanke a ba dangi su binne. Ɗakin hoton X-ray kuma a lulluɓe bangonsa da dalma gwargwadon abin da hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya ta gindaya, musamman bangon da wani ke kwana a bayansa.

Sai hanya. Gado 40 na nufin motoci da adaidaita da 'yan dubiya safe da yamma. In ba ku ware wurin ajiye motoci da ƙofar motar asibiti a cikin filin ba, layin mutane za ku cinye, alhali kawar da cuta yana cikin haƙƙin hanya da Annabi (SAW) ya ambata. In zane ya nuna filin ba zai ɗauki wannan duka ba, wajibi ne ku rage gadaje ko ku nemi wani wuri.

Izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da sauya takardar fili daga ta zama zuwa ta kasuwanci, da rajistar PHIMA, hukumar kula da asibitocin kuɗi ta Kano, bin su wajibi ne, domin dokoki ne da aka sa don kare rayuka. Ba da cin hanci don a tsallake su zunubi ne a kan zunubi. Haka ɗaukar wanda bai ƙware ba don arha: hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya yi magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamuni.

Abu ɗaya ku rubuta cikin kasafinku tun yau. Mace mai zubar jini ko wanda mota ta buge ba a tsayar da su a ƙofa sai an kawo kafin alƙalami. Ceto ya wajaba a kan mai iko, kuɗin ya zama bashi a bi shi daga baya. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ya hana ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. Riƙe gawa saboda bashi bai halatta ba, an umarce mu da gaggauta jana'iza, bashin kuma yana kan dukiyar da mamaci ya bari. Ku ware wani kaso na kuɗin shiga don irin waɗannan, ku sanar da Alhaji kafin ya sa hannu. Zakka ba ta shiga ginin, amma ana iya ba matalaucin majinyaci ita ya biya kuɗin maganinsa.

Wallahu a'alam.