Da gaske ne an taɓa kamun kifi a hamadar Tenere?

Tambaya: Malam, wani direba da ke zuwa Agadas ya ce mini a cikin Tenere ana tsintar ƙashin kifi da na kada a rairayi. Na ɗauka zuƙi ta malle ce. Yaya gaskiyar abin take, kuma akwai dabbar da ke iya rayuwa a can yanzu? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, direban nan bai yi maka ƙarya ba. Tenere, wato shimfiɗar rairayin da ke gabas da duwatsun Azbin a arewacin Nijar, ba haka take ba tun fil azal. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce damina tana kaiwa can arewa, saboda sauyin da ke samun karkatar duniya a zagayenta na rana. Tafkuna suka cika, ciyawa ta rufe inda yau ko tsinke babu.

Babbar shaida tana wani wuri a Tenere da ake kira Gobero. A 2000 ne tawagar Paul Sereno, masanin ƙasusuwa daga Jami'ar Chicago, ta yi kiciɓis da shi tana neman ƙashin manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan'adam. Sai ga kaburbura wajen 200 a bakin wani ƙafaffen tafki, ga ƙashin giwan ruwa, da kada, da dorina, da masun kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin, da tazarar fari na kusan shekara 1,000 a tsakaninsu. Na farkon dogaye ne, masunta kuma mafarauta. Na biyun ba su kai su jiki ba, kuma a kaburburansu ne aka tarar da wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna. Ta ɓangaren yamma da Azbin kuma, a Dabus, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse mai tsawon fiye da mita 5. Wanda ya zana shi ya san dabbar ido da ido.

Da ruwan ya janye, wajen shekara 4,500 da suka wuce, namun dajin da suka rage sai suka fake a duwatsu. Azbin tana da tudu, ƙololuwarta a Bagzan ta kai mita 2,022, kuma kwazazzabanta na riƙe ruwa. Shi ya sa aka samu gogo da jan biri a tsakiyar hamada, nesa da danginsu na kudu, ga ragon dutse, ga barewa, ga yanyawa. A Timiya, wani gari a cikin duwatsun, har lemu da rumman ake nomawa.

Mutane ma ba su ƙaurace mata ba. Gobirawa na cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Buzaye kuwa duk kaka sukan haɗa ayari, madugu na gaba, su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Balma, su kai gero su ɗauko dabino da gishiri. Kantun gishirin da makiyaya ke saya wa dabbobi a kasuwanninmu, wannan hanyar yake biyowa.

Sai maganar abin da ya rage yanzu, kuma nan ne labarin ba daɗi. An keɓe wani ɓangare na Azbin da Tenere a matsayin gandun daji a 1988, faɗinsa hekta miliyan 7.7. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, lokacin tawayen Buzaye. Jiminar Azbin a wannan rikici aka ƙarar da ita. Mena, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ari sunanta, saura 'yan tsiraru. Akwai kuma adaks, farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawa ya ishe ta. A binciken 2016 a yankin Tarmit, kudu da Tenere, guda 3 kacal aka gani.

Mutane kan ɗora laifin a kan fari. Ni dai ban gamsu ba. Dabbar da ta jure ƙishin shekaru dubbai ba fari ne zai gama da ita cikin shekara 40 ba. Mota ce da bindiga. Adaks ba ta da gudu mai nisa, mai mota kan kore ta har ta faɗi. Aikin man fetur a Agadem da rububin zinariya a Jado tun 2014 sun ƙara yawan motoci da masu makami a wuraren da a da sai raƙumi. Ko sanannen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai ba wani itace a kusa da shi, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa, babbar mota ce ta buge shi a 1973. Gungumensa na gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.