Tsutsar nama nama ce, to tsutsar ciki fa?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya, wai malam tunda Bahaushe ya ce "tsutsar nama ita ma nama ce", ashe kenan tsutsar ciki ma wani ɓangare ce na jikin mutum? Wata baiwar Allah kuma so take ta ji ko macijin ciki maciji ne na gaske, sannan meye haɗinsa da kurkunu.

Toh, rikicin duk daga kalmar tsutsa ya taso. Duk wani abu mai laushi mara ƙafa da ke mutsu-mutsu tsutsa muke ce masa, alhali wasunsu ko dangin nesa ba su haɗa ba. Ta cikin karin maganar nan ɗiyar ƙuda ce, ƙuda ya sauka ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, in ka ƙyale ta kwanaki fiffike za ta yi ta tashi. Mutanen da gani suke naman ne ke haifar ta, kuma ba mu kaɗai ba, Turawa ma haka suka ɗauka, sai a 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya rufe nama a kwalba ya nuna in ƙuda bai taɓa shi ba tsutsa ba ta fitowa. Ita dai maganar nufinta abin da ya fito daga jikin abu ba a ware shi a ce bare ne, a kan mutane ake yin ta ba a kan cuta ba.

Tsutsar ciki kuwa baƙuwa ce, baƙuwar ma irin wadda ba a gayyata ba. Macijin ciki ba maciji ba ne, kama ce kawai ta ja masa sunan, ai in ka ga abu fari-fari dogo kamar santimita 30 ya fito daga cikin yaro dole bakinka ya furta maciji. Masana suna sa shi a dangin da suke kira nematod, jikinsu sumul mulmulalle, ba gaɓa-gaɓa irin na tana ba, ba kuma falle-falle irin na tsila ba, kuma sau huɗu suke saɓa kafin su girma. Macen macijin ciki takan zuba ƙwai wajen dubu 200 a rana ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki hanyar da yake bi, mutum ya haɗiyi ƙwan ta hannu mai datti ko abin da ƙasa ta taɓa, ya ƙyanƙyashe a hanji, ɗan ya huda ya shiga jini ya bi ta hanta ya isa huhu, ya hauro maƙogwaro a yi tari a sake haɗiye shi, sannan ne fa zai zauna a hanji ya girma.

Kurkunu ma ɗan gidan ne, haka masu kawo tundurmi da sauro ke yaɗawa. Shi kurkunu ta ruwan sha yake shiga, a cikin wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, ya yi shiru kusan shekara guda kafin ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take macen ta saki 'ya'yanta, kun ga wayo. Tsawonta kan kai mita ɗaya, babu magani babu allurar rigakafi, sai dai a naɗe ta a ɗan tsinke a riƙa ja kaɗan-kaɗan har makonni, in aka yi gaggawa ta tsinke a ciki an ɓallo ruwa. In akwai inda "sannu ba ta hana zuwa" ta zauna daram to nan ne.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a shekara, da cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ta shiga aikin tace ruwa da wayar da kai abin ya yi ta raguwa har a 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya. Yanzu abin da ke ba ma'aikatan wahala shi ne karnuka ma suna ɗaukarsa, musamman a Chadi da Kamaru.