Nawa Tsohuwar A-kori-kura Za Ta Iya Ja?

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni zancen mutumin nan mai tsohuwar a-kori-kura da yake so ya riƙa jan tirela da ita: ton nawa za ka ce masa? Har ka ƙara da cewa injinta garau yake, da kunnenka ka ji. Na ce ka bari sai mun natsu, don ba amsar da ake bayarwa a tsaitsaye ba ce.

Ɗana, fara cire injin daga ranka. Duk motar da ke tashi, in ka sa mata giya ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, za ta janyo abin da ya fi ta nauyi. Ni ranar da nake tsoro ita ce ranar da za ta kama gangara da kaya a bayanta, direba ya taka birki, kayan kuma su ci gaba da turo shi. Saboda wannan ranar muke yin lissafi.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai takarda ko ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya liƙa. Goge shi da tsumma, ka haska fitila. Inda aka rubuta GVWR, iyakar nauyin motar ke nan ita kanta, da mai, da mutane, da duk abin da ke cikin bodi. GAWR guda biyu ne, abin da aksil na gaba da na baya kowanne zai ɗauka. Na ukun shi ne GCWR, wato nauyin mota da tirela a haɗe. A tsofaffin motocin Amurka sau da yawa ba ya jikin ƙofa, sai ka nemo littafin motar. Waɗanda aka ƙera wa kasuwar Turai kuwa lambobi huɗu ne a jere, na biyun shi ne wannan. In da fam aka rubuta, raba da 2.2 ka sami kilo.

Ka yi hattara da littafin ma. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, sai ka ga lambobi daban-daban, domin girman injin, da irin giyabos, da haƙoran aksil na baya duk suna canza lissafi. Su haƙoran aksil da lamba ake faɗarsu: mota mai 4.10 ta fi mai 3.08 ja nesa ba kusa ba. Motar da ta shekara ashirin kuma ta ratsa hannun makanikai da yawa, wataƙila aksil ɗin da ke ƙarƙashinta ba nata ba ne, don haka shiga ƙasa ka gani da idonka. Wani abin da ya sa ban cika sakin jiki da lambar tsohuwar mota ba: a da kowane kamfani da irin gwajinsa. Sai a motocin 2015 Ford da GM da Ram suka hau ma'auni guda, J2807, wanda a cikinsa ake sa mota ta hau doguwar hanyar tudu ta Davis Dam a Arizona cikin zafi, da na'urar sanyaya iska a kunne. Motar mutumin nan ta girmi wannan tsari.

Yanzu sai sikeli, irin wanda ake auna manyan motoci. A cika tanki, direba ya zauna a ciki, a bar kayan aikin da kullum ke bodi. Ɗauko biro mu yi misali. A ce GCWR kilo 5,000 ne, GVWR kuma 2,800, sikeli ya nuna 2,300. Cire 2,300 daga 5,000, saura 2,700. A nan yawancin mutane ke ajiye biro su ce an gama, kuma a nan ake cutuwa.

Tirela ba ja kawai ake yi ba, tana danna motar. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiya, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a jikinsa, kuma wannan nauyin kamar kaya ne aka loda a can ƙarshen bodi. Ka ce mutum biyu sun ƙaru a gaba, kilo 150, an kuma jefa kayan kilo 200 a baya. Mota ta zama 2,650. Tsakaninta da 2,800 saura 150 kacal. In 150 shi ne kashi goma na tirela, to tirelar da kayanta ba za su wuce 1,500 ba. Ka ga yadda 2,700 ta koma 1,500 alhali ba mu taɓa injin ba? Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce gaskiyar motar.

Kada wani ya ce maka a tura kayan can bayan tirela don a sauƙaƙa wa ƙugiya. Na taɓa bin bayan wata a hanya da aka yi wa wannan dabara. Tun tana ɗan kaɗa wutsiya kamar wasa, sai kaɗawar ta riƙa faɗi, hagu, dama, har na ga ƙafar bayan motar tana ɗagawa. Allah ne ya kiyaye, direban ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali bai dirka birki ba. Da muka tsaya, hannunsa rawa yake, ya kasa buɗe ƙofa. Nauyi a gaban ƙafafun tirela yake zama, kamar kashi sittin cikin ɗari. In kuma ya yi yawa a kan ƙugiya, bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu.

Ita ma ƙugiyar da lambarta, haka ƙwallon da tirela ke hawa, an buga ta a jikin ƙarfen. In ƙwallon a kan bamba aka ɗaura shi, lambar bamba za ka bi, kuma ba ta da yawa. Ƙugiyar da wani ya haɗa da walda babu lamba, ni ba na sa bakina a kanta.

Duk wannan lissafin na motar da ta fito daga kamfani ne. Wadda ke gabanmu ta tsufa. Ɗauki guduma ka bi shasi daga gaba har baya, musamman inda sifirin ya kama da inda kusoshin ƙugiya suka shiga. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas. In ka ji sautin ya mutu, ɓawon tsatsa yana zubo maka a fuska, magana ta ƙare, wannan motar ba ta jan komai sai an gyara. Ƙirga ganyen sifirin, ka ga ko akwai karyayye. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta ke nan, don taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe. Man birki yana shan ruwa in ya daɗe, a doguwar gangara sai ya tafasa, birki ya tafi ƙasa. In giyabos mai canza kansa ne, zaro sandar man ka sansana. Mai lafiya ja ne, wanda ya ci wuta kuwa baƙi-baƙi ne, yana ƙauri. Zafi ke kashe irin wannan giyabos, shi ya sa nake ƙara masa ɗan lagireto nasa na kansa kafin in yarda a ja kaya. Babban lagireton ma a wanke shi.

Ko komai ya fito lafiya, a tsohuwar mota ina rage kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ra'ayina ne, ba dokar kamfani ba. A misalinmu, 1,500 ta koma 1,200. Kuma tirela mai wannan nauyin dole ta kasance da birkinta. A Turai doka ba ta yarda marar birki ta wuce kilo 750 ba, ni ma nan nake tsayawa ko a ina ne.

Gobe in ya zo, kada ka furta masa ko wace lamba tukuna. Tambaye shi nauyin tirelar ba kaya, da abin da zai ɗora, da mutum nawa za su shiga, da ko hanyarsa akwai hawa da gangara. Ka tura shi sikeli ya kawo takarda. Kafin ya dawo ka shimfiɗa kwali, ka ajiye guduma da fitila, ni da kai za mu shiga ƙarƙashinta.