Ciwon damuwa: abin da mutum zai iya yi wa kansa kullum, da lokacin da ya kamata ya ga likita

Tambaya: Likita, kusan wata uku ke nan ba na jin daɗin komai. Abubuwan da na saba yi da murna duk sun fita raina, da dare ina ta juyi barci ya ƙi zuwa, da safe kuma tashi daga gado ya zame mini babban aiki. Ina zuwa wurin aiki amma hankalina ba ya wurin, har na daina ɗaga wayar ƙawayena. Ana ta ce mini in daure zai wuce. Akwai abin da zan riƙa yi da kaina don in samu sauƙi, ko kuwa sai na sha magani?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ba ki lafiya. Ba a tabbatar da cuta daga nesa, amma abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon damuwa. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum kuma yawancin yini, cikin ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai, tare da alamomi irin su rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, rashin tara hankali wuri guda da ganin kai ba a bakin komai ba. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi kama mata. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba, shi ya sa masu cewa ki daure, duk da kyakkyawar niyyarsu, ba su ba ki abin da za ki yi aiki da shi ba.

Akwai abu guda da nake so ki riƙe fiye da komai. Wannan ciwo yana fara ɗauke sha'awa, sai mutum ya janye daga aiki da mutane, janyewar kuma ta raba shi da ɗan abin da ke sanyaya masa rai, daga nan ƙuncin ya ƙaru ya sake janyewa. Yawancin masu fama da shi suna zaman jiran ranar da za su ji ƙarfin zuciya kafin su motsa, alhali a wannan hali sai an motsa tukuna sha'awar take biyowa baya. A kan wannan fahimta masanin halayyar ɗan'adam Peter Lewinsohn da abokan aikinsa a Amurka suka gina wata hanyar jinya tun shekarun 1970, wadda ta ƙunshi tsara ayyuka da aiwatar da su ko da rai ba ya so. A 2016 mujallar The Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ingila kan manya 440, wanda ya nuna cewa bayan wata 12 wannan hanya mai sauƙi ba ta gaza jinyar gyaran tunani da ƙwararru ke yi ba, duk da cewa ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka gudanar da ita.

Ga yadda ake yi. Da dare kafin ki kwanta, ki ɗauki takarda ki rubuta abu biyu ko uku da za ki yi gobe, kowanne da lokacinsa. Kada ki rubuta "zan gyara gida", domin wannan ya fi ƙarfin mai kasala. Ki rubuta "ƙarfe 7 zan ɗage labule, in yi wanka, in sa tufafi masu tsabta", sannan "ƙarfe 5 na yamma zan taka na minti goma". Idan lokaci ya yi kika ji ba za ki iya ba, ki rage aikin zuwa rabi maimakon ki soke shi: in wanke kwanuka duka ya gagara, ki wanke uku ki ajiye. Yana da kyau ayyukan su haɗa da abin da ya zama dole, da abin da kike jin daɗinsa a da, da abin da zai haɗa ki da wani mutum. Kafin ki fara da bayan kin gama, ki ba yanayin zuciyarki maki daga 0 zuwa 10 a gefen takardar. A makon farko kada ki sa ran jin daɗi, wataƙila 2 ce kawai za ta koma 3, amma bayan mako biyu takardar za ta nuna miki ayyukan da ke ɗaga ki da waɗanda ke ƙara danne ki, abin da ƙwaƙwalwar mai damuwa ba ta iya tunawa daidai saboda ta fi riƙe mummuna.

Motsa jiki na cikin ayyukan da suka fi cancantar shiga wannan takarda. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218, ya gano cewa tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage alamomin ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya da aƙalla minti 150 a mako, amma wannan wurin zuwa ne, ki fara da minti goman da kike iyawa.

Game da barci, abin da ya fi tasiri shi ne tsayar da lokacin tashi, ko da daren bai yi kyau ba, sannan a fita a samu hasken safiya, domin da shi jiki ke saita agogonsa. Idan kika kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki zauna wuri mai ɗan duhu har sai kin ji gyangyaɗi, don kada gado ya zama wurin saƙe-saƙe. Ki ajiye waya nesa da matashi, ki rage barcin rana, ki kuma bar kofi da lemukan ƙara kuzari tun da rana, saboda bayan kimanin awa biyar da sha rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jiki. Giya da ƙwayoyin sa barci da ba likita ya rubuta ba suna kawo sauƙin dare ɗaya, su bar mutum cikin ƙunci mafi tsanani.

Sai batun tunani. Likita Aaron Beck, wanda ya kafa jinyar gyaran tunani a shekarun 1960, ya lura cewa mai damuwa yana yi wa kansa da duniya da gobensa mummunar fassara, yana kuma ɗaukarta gaskiya tsantsa. Idan tunani irin "ba ni da amfani ga kowa" ya zo, ki rubuta shi, ki tambayi kanki wace hujja ce ke goyon bayansa, wace ce ke rushe shi, kuma me za ki ce wa ƙawarki da ita ce ta faɗi haka. Ki kuma bambanta tunanin da ke ƙarewa da mataki, kamar "gobe zan nemi a ɗaga mini ranar miƙa aikin nan", da wanda ke ta zagaye a kan "me ya sa ni". Na biyun ba ya warware komai, don haka ki ware masa minti 15 da yamma, in ya zo a wani lokaci ki ce masa ya jira, ki koma kan abin da hannunki ke yi.

Ƙawayen da kika daina ɗaga wayarsu, ki zaɓi guda ɗaya mai riƙon sirri. Ba sai kin yi dogon bayani ba, saƙo gajere ya isa: "Ba na jin daɗin raina kwanakin nan, ba fushi nake da ke ba, ko za ki riƙa leƙo ni?" Ana raina amfanin mai sauraro, amma a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, su taimaka musu su zaɓi matsala guda su nemo mafita. A sakamakon da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka yi zaman ne ke da alamomin ciwon, alhali a rukunin waɗanda ba su yi zaman ba sun kai kusan rabi.

Yanzu ga tambayarki ta magani. Tunda abin ya kai wata uku kuma ya taɓa barcinki da aikinki, a ganina kada ki tsaya ga waɗannan dabaru kaɗai, ki ga likita cikin kwanakin nan kina kuma ci gaba da su. Ƙarancin jini da matsalar ƙwayar tayroid da ke gaban wuya suna iya kawo irin wannan kasala, kuma gwajin jini zai nuna. Ki gaya masa in kina da ciki ko kin haihu kwanan nan, da magungunan da kike sha, da kuma ko kin taɓa yin kwanaki cikin kuzarin da ya wuce ƙima ba ki buƙatar barci, domin wannan wata cuta ce dabam da ke da nata magani. Mai ƙaramar damuwa sau da yawa jinyar magana ta ishe shi, mai matsakaiciya ko mai tsanani kuwa akan haɗa masa da magani. Maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai likita ya rage shi a hankali.

Idan kuwa tunanin cewa gara mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, wannan ba abin jira ba ne. Ki faɗa wa wani na kusa a ranar, ki ba shi ajiyar magunguna da duk abin da zai iya cutar da ke, kada ki zauna ke kaɗai, kuma ya raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.