Tambaya da Amsa: Wata Takwas da Aure Ban Samu Ciki Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, Maraɗi, shekaruna 24. Wata takwas da aurena ban samu ciki ba, dangin miji sun fara magana. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin likitoci ba sa kiran wannan matsala sai an cika wata 12 ana saduwa ba ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35.

Ki fara lura da kwanakin al'adarki. Idan tana zagayowa duk kwana 28, ƙwai yakan fito wajen rana ta 14 daga ranar da jini ya fara, kuma maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, saboda haka saduwa a kwanakin da ke gabanin fitar ƙwai ta fi amfani.

Ki je asibiti a duba ƙarancin jini, ki nemi folik asid (wani nau'in bitamin ne), mikrogram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga. Ina roƙonki ki guji haɗe-haɗen magungunan kasuwa. Idan shekara ta cika, ku tafi tare da maigida, domin shi ma yana bukatar gwaji.