Gwiwar 'yata tana kumbura, kocinta ya ce ta daure

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 16, tana buga badminton na ɗai-ɗai tun tana 'yar shekara 9, da hannun dama take riƙe raket, kuma ta ci kofuna a gasannin matasa. Burinta ta zama ƙwararriya. Wata 2 ke nan gwiwarta ta hagu tana kumbura bayan atisaye, kuma sau 2 ta ce ƙafar ta ƙwace mata bayan ta yi tsalle ta dira. Kocinta ya ce ta ɗaure da bandeji ta sha maganin ciwo, wai An Se-young ma da ciwon gwiwa ta ci zinare, kuma idan ta huta yanzu sa'o'inta za su wuce ta. Wallahi ko barci ba na iyawa. Ina mafita?
Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Damuwarki tana kan hanya. Yarinyar nan ta ajiye raket daga yau, har sai likitan ƙashi ya duba gwiwar.

Bari in fara cire miki fargabar lokaci, tun da da ita ake tsorata ki. Gaskiya ne wasu sun tashi da wuri. Ratchanok Intanon ta Tailan ta zama zakarar duniya a 2013 tana 'yar shekara 18, An Se-young kuma ta shiga tawagar Koriya ta Kudu tana da 15. To amma Zhang Ning ta ƙasar Sin ta ci zinaren Olamfik a 2004 tana da 29, ta sake ci a 2008 tana da 33. Jadawalin matsayin 'yan wasa na BWF, hukumar badminton ta duniya, kuwa sakamako 10 mafi kyau yake ɗauka cikin makonni 52 da suka gabata, saboda haka makin da aka rasa bana ana iya tara shi baɗi. Hanyar a bayyane take: a fara daga ƙananan gasannin Future Series da International Series, a hau International Challenge, daga nan Super 100 da 300, har a kai manyan gasanni irin su All England. Tafiya ce ta shekaru, kuma da gwiwa ake yin ta.

Yanzu ga abin da ke cin raina. Kusan kullum sai na ji wannan magana ta "daure kawai, haka zakaru ke yi". Babu kuskuren da ya kashe wa yara mata sana'a a wannan wasa kamarsa. Ciwo iri biyu ne. Akwai tsamin nama bayan atisaye mai nauyi, wanda ke tafiya cikin kwana 2 ko 3. Akwai kuma gaɓar da ta kumbura, wannan kuwa ruwa ne ko jini ya taru a ciki saboda wani abu ya ji rauni. Gwiwa mai lafiya ba ta kumbura don an yi atisaye. Idan aka haɗa kumburi da ƙwacewar ƙafa, abu na farko da muke zargi shi ne jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, wadda likitoci ke kira ACL, sai kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan.

Bayanin da kika yi ma ya ƙara tayar mini da hankali, don mun san wannan hoton. 'Yar wasa mai hannun dama ta ja baya zuwa kusurwar hagu, ta yi tsalle ta bugo ƙwallon ta saman kai, sai ta dira a kan ƙafar hagu ita kaɗai, jiki ya karkata, gwiwa ta lanƙwasa ciki. A nan jijiyar ke tsinkewa, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Mata sun fi maza fuskantar wannan rauni. A wasan ɗai-ɗai kuma babu abokiyar da za ta tare miki rabin fili, mutum ɗaya ce za ta rufe tsawon mita 6.7 da faɗin mita 5.18 na ɓangarenta. Wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2017 a Glasgow, tsakanin Nozomi Okuhara da P. V. Sindhu, minti 110 aka kwashe ana yi. Ki ƙiyasta sau nawa gwiwa ta durƙusa ta miƙe a cikinsa.

Shi kuma misalin An Se-young, rabin labari kocin ya ba ku. Ta ji rauni a gwiwa a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Asiya a Hangzhou a 2023, ta daure ta ci, sannan ta ci zinaren Olamfik a Paris a 2024. Amma a ranar da ta ci zinaren ta fito gaban 'yan jarida ta ce raunin ya fi yadda aka ɗauka tsanani, kuma ba ta ji daɗin yadda aka yi sakaci da shi ba. Ita da kanta ƙorafi ta yi, yaya za a mai da ita hujjar sakaci? Me ya sa bai ba ku labarin Li Xuerui ba, zakarar Olamfik ta 2012, wadda jijiyarta ta tsinke a wasan kusa da na ƙarshe a Rio a 2016, kuma ba ta sake komawa matsayinta na da ba? Ga Carolina Marín ta Sifaniya, mai zinaren Olamfik 1 da kambun duniya 3. Gwiwar dama ta tsinke mata a Janairun 2019 a Jakarta, ta hagu ta bi a 2021 ta hana ta zuwa gasar Olamfik ta Tokyo, sannan a Paris tana kan gaba a wasan kusa da na ƙarshe gwiwar dama ta sake tafiya, ta bar fili tana kuka. Waɗannan mata suna da likitoci da masu gashin ƙashi da ke bin su ko'ina. 'Yarki bandeji aka ba ta.

An taɓa kawo mini wata yarinya mai kusan shekarunta. Da na kwance bandejin sai na ga ya bar shaida a fata saboda matsewa, na danna saman ƙoƙon gwiwar na ji ruwa yana gudu ƙarƙashin yatsuna. A aljihun jakar raket ɗinta akwai katin ƙwayoyi 3 da ta shanye. Ta kusan wata 5 a haka. Da aka yi hoto, jijiyar ta daɗe da tsinkewa, kuma kowace ƙwacewar da ƙafar ta yi tana ƙara yaga guringuntsi. Jijiya ana iya yi mata aiki, amma guringuntsin da aka yanke aka cire ba ya tsirowa, kuma shi ne ke jawo amosanin gaɓa tun mutum yana da ƙuruciya.

Maganin ciwo ba ya ɗinke komai, kashe ƙararrawar jiki kawai yake yi. Masu cewa "a yi mata allura ɗaya ta buga gasa" kuwa ina roƙonki ki guje su. Bayan cutarwar, akwai doka. Tun daga Janairun 2022 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta duk allurar kotizon, wato maganin rage kumburi, a lokacin gasa, tun daga Janairun 2024 kuma tiramadol ya shiga jerin. Idan aka samu abu a fitsarin 'yar wasa ita za a hukunta, ko da wani ne ya ba ta. Haka kuma ki guji masu murza gwiwa da ƙarfi suna cewa targaɗe ne. Hannu ba ya kai wa ga jijiyar da ke can tsakiyar gaɓa. Koci amana aka ba shi, kuma kofin matasa na bana bai kai darajar ƙafar da yarinya za ta taka har tsufanta ba. Duk wanda ya ga kumburi ya ce a ci gaba, ya ci amanar iyaye.

Idan kun je asibiti, ki sani hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Kada a ce muku "hoto ya fita lafiya" ku koma fili. Likita ya gwada gwiwar da hannu, kuma ki tambaye shi batun hoton MRI, wanda shi ke nuna jijiya. Idan abin bai kai tsinkewa ba, alhamdu lillahi, makonni ne na hutu da ƙarfafa cinya, ƙugu da bayan ƙafa, da koyon dira a kan ƙafa ɗaya gwiwa na kallon yatsu. Idan ta tsinke, yawanci ana maganar wata 9 zuwa 12 bayan aiki kafin a koma gasa. Marín ta dawo a Satumban 2019 ta ci gasar China Open, don haka kada yarinyar ta ɗauka ƙarshenta ya zo.

Kafin ranar ganin likita, babu tsalle, babu gudu, babu juyi a kan ƙafar. Ki rubuta ranakun da ta kumbura da ranakun da ta ƙwace, da ko ta taɓa jin ƙara a ciki, da sunayen ƙwayoyin da ta sha, ku tafi da takardar. Allah Ya ba ta lafiya.