Na canza esi gaba ɗaya amma kuɗin wuta ya sake tashi, cutata aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan ƙaramin otal a Kano, a watan Nuwamba na cire tsofaffin esi na sa masu inbata saboda an ce min basa cin wuta. Disamba da Janairu kuɗin wuta ya sauka sosai har na riƙa yiwa abokai talla, amma Afrilu na shigowa sai ya haura fiye da na da. Dan Allah ya zan gane ko da gaske ina samun sauƙi? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya murnar Disamba da fushin Afrilu duk basu gaya maka komai ba tukuna. A Disamba hunturu ne ya taya ka aiki, baƙo ma bargo yake nema, waye zai kunna esi? A Afrilu kuwa da zafin Kano ke kai digiri 40, ko wane irin inji ka sa dole ya sha wuta. Tambayar da za kayi ita ce, da tsofaffin nan ne a wannan Afrilun, yunit nawa za su ci?

Abu na farko ka ajiye maganar naira, ka koma yunit ɗin mita. Ka tuna a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar ƴan Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, kaga mutum zai iya rage cin wuta amma bil ɗinsa ya ninka. In kuma bil ɗin ƙiyasi ake kawo maka babu mita, toh babu lissafin da zai yiwu sai ka sa mita.

Sai kuma makin zafi, wato lissafin da ke nuna yawan buƙatar esi a kowace rana. Ka ɗauki zafin rana mafi sama da na dare mafi ƙasa, ka haɗa ka raba biyu, sai ka cire digirin da ake fara buƙatar esi a gininka. A Amurka digiri 18.3 suka saba amfani dashi, amma ni a nan garin namu na fi yarda mutum ya gwada 22 zuwa 24 yaga wanda yafi dacewa da yadda mitarsa ke tafiya. Misali ka zaɓi 24, ranar da aka yi 40 da rana 26 da dare tsakiyarsu 33 kenan, maki 9. Ranar hunturu mai 30 da 14 tsakiya 22, maki sifili tunda bai kai 24 ba. Ka tara na wata guda. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana da bayanan zafi, ka nemi na tashar filin jirgin Malam Aminu Kano tunda ita ce kusa dakai.

Yanzu ka nemo yunit na wata 12 kafin canjin, ka jera kowane wata da makinsa a Excel, yaron da ke maka lissafi zai iya ja maka layin da ke nuna yadda yunit ke bin maki cikin minti kaɗan. Layin zai raba maka cin wutar gida biyu, akwai wanda ba ruwansa da yanayi irin firiji da fitilu da famfon burtsatse da guga, akwai kuma wanda ke hawa tare da zafi. A ce ya nuna yunit 6,000 a wata, da ƙarin 40 a kan kowane maki. In Afrilun bana yana da maki 270, tsofaffin esi za su ci 16,800 kenan, in mitarka ta nuna 14,000 ka tsira da 2,800 duk da bil ɗin ya tsorata ka. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, hanya ce da ke cikin IPMVP, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna sauƙin wutar da aka samu.

Inda nake tsoron mutanenmu su zame shine janareto. Watan da aka yi ta ɗauke wuta mita za ta nuna kaɗan, alhali cin ya koma kan man gas, dan haka ko ka sa wa janareton mitarsa ko ka riƙa rubuta lita da awanni ka haɗa. Haka yawan baƙi, otal cike lokacin bukukuwa ba ɗaya yake da na azumi ba, kuma azumin ma duk shekara yana matsowa da kamar kwana 11, sai ka rubuta ɗakunan da aka kwana kowane wata. Agusta kuma zai ɗan ruɗa ka, zafi ya sauka amma esi na fama da laima.

Kafin ka zargi mai sayarwa ka sa a hau a wanke injinan waje da matatun ciki, ƙurar hunturu tana toshe su ta sa sabon inji ya riƙa nishi kamar tsoho. In ka tara alƙaluman ka turo mana mu duba tare.